Tambayi Mai Gyara: Yaron Nan Wasa Yake ko Gini?

Wasiƙun wannan mako duk sun karkata gefe guda, sai ka ce haɗa baki aka yi. Na saba da tambayar wayar da ta faɗa randa da batirin da ba ya kai la'asar, amma yau maganar ƙananan na'urorin wasa ce ta cika mini tebur, musamman irin waɗanda yaro ke gina filin wasan da hannunsa. Na zaɓi shida. Ina rubutun nan ne a rumfata da ke gefen babbar kasuwar Garwa, an ɗauke wuta tun azahar, fanka ta tsaya cak. Wanda ya ga amsarsa ta gajarta ya yi mini uzuri, zafi ne.

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa. Ƙanena da ke aiki a Faransa ya zo hutu, ya kawo wa ɗana mai shekara goma sha biyu wata na'ura mai buɗewa kamar littafi, an rubuta Nintendo 3DS a jikinta, da wasa ɗaya mai suna Super Mario Maker. Ni na san Mario, mai gashin baki da ke tsalle yana taka kunkuru. Amma yaron nan ba na ganin yana tsalle. Sai ya share awa guda da ɗan tsinke yana tsikarin allo, yana jera bulo kamar magini. Lalacewa ta yi ne, ko haka wasan yake? Akwai abin da zai ƙaru da shi, ko in karɓe in ajiye sai ya gama jarrabawar CEP ta fita firamare?
*Wani uba, Yelwa, Garwa*

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, na'ura lafiyarta lau. Abin da ka gani ɗin shi ne wasan.

A Marion da ka sani, kamfani ne ya shimfiɗa hanya tun daga farko har sandar tuta, kai naka gudu da tsalle. A wannan kuwa sun miƙa wa yaro cebur da cokalin gini suka ce bismilla. Kowane yanki na hanyar, yaranmu na lekol "nivo" suke ce masa, na Najeriya su ce "siteji". Ni zango nake cewa, irin na fatake, don abin da yake ke nan: ka tashi nan, ka yada can, in ka kai da ranka.

Wasan ya fara fitowa a watan Satumba na 2015 a kan Wii U, na'urar da ake jona wa talabijin, daidai lokacin da Super Mario Bros. na 1985 ya cika shekara 30. Na hannun da ke wurin ɗanka ya biyo baya a Disamba 2016. Allon ƙasa, wanda ake taɓawa, an tsaga shi gida-gida, ga kuma jerin kaya: ƙasa, bulo, bututu, sulalla, ƙayoyi, kunkuru, laimar kwaɗi. Ka ɗauko abu da tsinken ka ajiye inda kake so. Ka danna wuri ɗaya, nan take Mario ya hau abin da ka gina. In ya faɗa rami ka dawo ka gyara, har wasan na iya nuna maka sawunsa a iska don ka ga iya inda tsallensa ya kai. Akwai 'yan dabarun da sai mutum ya yi tuntuɓe da su. Ka kama koren kunkuru ka girgiza shi, sai ya koma ja, kuma ba launi kaɗai ya sauya ba: kore in ya zo bakin gaɓa zubawa yake yi, ja kuwa juyowa yake. Ka ɗora wa abokin gaba laimar kwaɗi, ya kumbura ya zama ƙato. Ka manna masa fiffike, ya tashi sama. In ka yi kuskure akwai ɗan kare a gefe, ka taɓa shi ya mayar da kai baya taki ɗaya. Mai koyar da gini a ciki tattabara ce, abin da har yau yake ba ni dariya, don na yi kiwon tattabaru shekaru, ban taɓa ganin wadda ta iya haɗa sheƙar kirki ba. Ban da wannan, kamfanin ya zuba zanguna 100 da ya gina da kansa, kuma ta hanyar cin su ake buɗe sauran kayan ginin. Ke nan yana tsalle, ba dai a gabanka ba ne.

Abin ma ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. Mu da muka tashi a unguwar Hausare a shekarun 1990 mun san ɗakin wani mai tsohuwar talabijin inda ake biyan dala biyar a buga wasan tankoki na kaset mai ruwan ɗorawa. Sai da na girma na san sunansa Battle City, na kamfanin Namco, 1985. A ƙasan zaɓin mutum ɗaya da mutum biyu akwai layi na uku da ba mu damu da shi ba, har ranar da wani ya danna bisa kuskure, sai ga fili fayau ana jera bulo da ƙarfe da ruwa da ciyawa. To me muka gina? Muka kewaye mikiyarmu, wadda in an harbe ta wasa ya ƙare, da ƙarfe ta ko'ina don kada harsashi ya taɓa ta. Wasa ya mutu murus, tunda babu sauran abin tsoro. Kuma da mai ɗaki ya kashe na'ura ginin ya tafi ke nan, ba inda ake ajiye shi.

Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro Marion 1985 ɗin, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, a kan takarda mai gida-gida suka riƙa zana zangunan, sannan su miƙa wa masu shigar da su cikin na'ura. Irin takardar da ke cikin kayen lissafin ɗanka.

Ka ce me zai ƙaru da shi. Bari in ba ka abin da na gani a tsakar gidana, kai ka yanke. Na sayi wata 3DS da ta karye a gaɓa, na gyara na kai gida. 'Yata ta tsakiya, shekararta goma sha ɗaya, ta gina zangonta na farko, ta haƙa wani uban rami daidai bayan dogon bututu, inda mutum ba ya ganinsa sai ya riga ya tashi sama. Ta miƙa wa ɗan ƙanwata, sa'anta. Ya faɗa sau shida, ita kuwa tana ta dariya har da kwanciya a tabarma. A na bakwai ya ajiye na'urar a hankali, ya ce "na bari", ya fita buga ƙwallo. Aka bar ta da zango, babu mai takawa. Bayan magariba na tarar da ita da kaye a cinya tana ƙirga gidaje da yatsa. Ba ta cike ramin ba. Ƙarami ta haƙa kafin a kai gare shi, ta shimfiɗa ƙasa a gindinsa yadda ko ka faɗa ba za ka mutu ba, sannan ta jera sulalla a saman babban, a lanƙwashe kamar baka, suna nuna inda ƙafa za ta tashi da inda za ta sauka. Washegari da kanta ta bi shi da na'urar har gidansu. Ta tsaya a bayansa, bakin mayafi a haƙora, ba ta ce uffan ba, kuma na lura ba allon take kallo ba, babban yatsansa take kallo.

Wannan tsayuwar a bayan mutum, kana kallon inda ya rikice ba tare da ka ce masa "ba haka ake yi ba", ni sai da na shekara goma ina gyaran waya na koye ta. Da can in mutum ya kasa gane wayarsa, wauta nake ɗora masa.

Zangon farko na Marion 1985 ma a kan wannan tunani aka gina shi. An ajiye ka a hagu, fili a buɗe ta dama, ka san inda za ka ba tare da an faɗa maka ba. Abokin gaba na farko shi kaɗai yake tahowa, a hankali, dole ka koyi tsalle. Laimar kwaɗin farko in ta fito sai ta gangara, ta bugi bututu, ta dawo kanka, ga bulo a samanka, da wuya ka kauce mata. Ta taɓa ka, ka ga ka girma, ka gane ashe abar arziki ce. Ba a rubuta maka ko harafi ɗaya ba.

Sai dai kada wani ya ruɗe ka cewa wasan nan zai mai da shi injiniya. Ba ya koyar da lissafin CEP, kuma yana cin lokaci kamar gara. A cikin na'urar akwai wani ɗan littafi da ke rubuta wasan da aka buga kowace rana da tsawon lokacin da aka ɗauka. Ka ce ya buɗe maka, ba sai kun yi musu ba. Ni a gidana tana kwana a akwatina daga Lahadi da dare, ta fito Laraba da yamma da kuma Asabar. Saura wata guda jarrabawa, ba ta fitowa sam. Amma kafin ka kulle ta, ka ce ya ba ka ka taka zangonsa sau ɗaya. Ka faɗa ramin, ka saci kallon fuskarsa.

Tambaya: Kawu, na tara jaka talatin daga aikin hutu. Wani a kasuwa ya nuna mini 3DS ta gwanjo, rubutun cikinta duk na Japan ne, ya ce kaset ɗin Mario Maker zai nemo mini daga baya. Wani kuma yana da PSP, na'urar hannu ta kamfanin Sony, da faifan LittleBigPlanet, ya ce shi ma ana gini a ciki. Wanne zan ɗauka?
*Ɗalibin jami'a, Dang, Ngaundare*

Amsa: Ɗana, ba a cinikin biri a sama. Kada ka ba da ko dala sai ka ga kaset a cikin na'ura yana aiki a gabanka, domin 3DS 'yar ƙabilanci ce: ta Japan kaset ɗin Japan kaɗai take karɓa, ta Turai na Turai, ta Amurka na Amurka. Ganewa ba wuya. Juya bayanta, kusa da lambar ƙira za ka ga EUR, USA ko JPN. Kaset ma haka, a ƙarshen ƙananan haruffan da ke jikin takardarsa. In rubutun bayan ya goge, shiga wurin saiti, lambar manhajar na'urar tana ƙarewa da E, U ko J. Su biyun dole su zama 'yan gida ɗaya. Ta Japan ɗin nan kuma ba ta jin Faransanci, ba ta jin Turanci, kuma ba a sauya mata harshe. Ta Turai ita ce tamu, tana da Faransanci.

Sai caja, kuma a nan ni ne shaida a kan kaina. Shekarun baya aka kawo mini wata daga Amurka da cajarta. Ban karanta ƙaramin rubutun ba, na sa mata ɗan kan da zai shiga soket ɗinmu na jona. Ƙara ɗaya "ɗas", sai warin ƙonanniyar roba, ga mai kaya a tsaye yana kallona. Cajar Amurka da ta Japan an yi su ne don wuta mai ƙarfin 100 zuwa 120, tamu kuwa 220 ce. Na biya daga aljihuna. Yanzu igiyar USB ta 3DS nake ba mutane shawara, ka jona ta a kan cajar waya ko a batirin ajiya, wanda ma ya fi dacewa da garin da wuta ke zuwa ta ga dama.

Kafin ka biya, ka buɗe ta ka rufe sau da yawa ka ji ko gaɓar na ƙara. Ka danna maɓallan kafaɗa biyu, su ne ƙurar hunturu ke fara kashewa. Ka ja layi da tsinke daga kusurwa zuwa kusurwa a allon ƙasa, don a wasan gini allon nan shi ne gonarka. Ka tabbata akwai katin ajiya a ciki, kuma tsohon mai ita bai bar lambar sirrin iyaye a kulle ba. In ka sami 2DS, wadda ba ta naɗewa, kada ka raina ta. Wasa ɗaya suke ci, Mario Maker ɗin ma ba ya amfani da hoton nan mai zurfi na 3D, kuma abin da ba shi da gaɓa ba ya karyewa a gaɓa.

Mai PSP bai yi maka ƙarya ba. LittleBigPlanet ya fara ne a 2008 a kan PlayStation 3, aikin kamfanin Media Molecule na Ingila, na PSP ya fito a 2009. Jaruminsa Sackboy, wata 'yar tsana ce saƙaƙƙiya mai zif a ƙirji. Amma ginin ba iri ɗaya ba ne. A Mario kayan a shirye suke, jerawa kawai kake yi. A can kuwa kai za ka yanko katako ko soso ko dutse, ka ɗaure da igiya, ka sa noti mai juyawa, ka haɗa makunni da ƙofa, kuma abu in ba ka tokare shi ba faɗuwa yake. Mario magini ne, wannan kuwa kafinta da mai walda. Ya fi faɗi, ya fi cin rai, ga shi PSP ba ta da allon taɓawa, komai da ɗan maɓallin nan mai kamar anini za ka ja shi. Tsallen ɗan tsanan ma ni bai taɓa kwanta mini ba, kamar mai tafiya cikin ruwa. Alherin PSP shi ne wasanninta ba su da ƙabilanci. Sharrinta tsufa: ta fito tun 2004, kuma yawancin waɗanda ke zuwa teburina batirinsu ya kumbura har ya ture murfi. Wanda ya kumbura a cire shi, kada a yi cajinsa, balle a zafinmu. Na PlayStation Vita da ya fito a 2012 ya fi daɗin gini saboda ana taɓa allon gaba da bayan na'urar, sai dai katin ajiyarta nata ne ita kaɗai, samunsa a nan aiki ne.

Da kuɗin da ke hannunka, ni 3DS ko 2DS ta Turai zan nema, da kaset a ciki. In ba ta samu a Ngaundare ba, ka saƙa wa wani mai hawa jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ka rubuta masa haruffa ukun nan a takarda.

Tambaya: Baffa, na gina zango na sa masa suna Mayo Kaliao, kogin garinmu. A sama rairayi ne, in ka shiga bututu sai ka faɗa cikin ruwa kamar damina ta sauka. Ina so mutanen wasu ƙasashe su buga. Na jona intanet ɗin yayana amma na rasa inda ake turawa. Me na ɓata?
*Wata ɗaliba, Domayo, Marwa*

Amsa: 'Yata, ba ki ɓata komai ba, kuma dabarar rani a sama damina a ƙasa ta burge ni. Ƙofar ce babu. Tun ranar da na 3DS ya fito ba a ba shi damar ɗora zango a intanet ba, na Wii U kaɗai ke da ita, shi ma an rufe ɗorawar a ranar 31 ga Maris 2021. Daga baya, a Afrilun 2024, Nintendo ta rufe hidimar intanet ta 3DS da Wii U gaba ɗaya. Kafin ranar wasu 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban suka yi gayya, suka bi zangunan da aka ɗora waɗanda ba wanda ya taɓa ci, ɗaya bayan ɗaya, don kada a rufe ƙofa da sauran wanda ba a taka ba. A ɓangaren Sony ma haka ta faru: rumbun LittleBigPlanet na PlayStation 3 da Vita an rufe shi a 2021, bayan mutane sun zuba masa miliyoyin zanguna.

Abin da ya rage miki na kusa ne. In ƙawarki na da na'ura da kaset irin naki, kuna zaune a tabarma ɗaya za ki tura mata ba tare da intanet ba, har wanda ba ki gama ba, ta ƙarasa ta dawo miki da shi. Akwai kuma StreetPass, inda na'urori biyu ke musayar zango da kansu in masu su sun gifta juna. An yi shi ne don garuruwan da jirgin ƙasa ɗaya ke ɗauke da masu 3DS ɗari. Ke kuwa sai ki shekara kina yawo da ita daga Domayo zuwa Kakatare ba ta gamu da 'yar'uwarta ba.

Mai son duniya ta buga zangonsa yau sai Super Mario Maker 2 na Nintendo Switch, wanda ya fito a Yunin 2019. Gini ba ya buƙatar intanet, amma ɗorawa sai da rajistar da ake biya. Kafin Allah ya hore, ki sa yayanki ya ɗauki bidiyo da waya kina bugawa, ki tura ta WhatsApp. Ki kuma zana Mayo Kaliao ɗin nan a kaye, gida-gida. Na ga katin ajiya da yawa sun mutu a hannuna.

Tambaya: Kawu, na gina zango na kira shi Gadar Ngeli. Abokaina biyar sun gwada, babu wanda ya wuce rabi. Yanzu sun ce ni mugu ne, sun daina karɓa. Ni kuwa gani nake iyawa ce ba su yi ba.
*Wani saurayi, Kusiri*

Amsa: Ɗana, tambaya ɗaya ka manta ka amsa a wasiƙarka: kai ka taɓa cinsa daga farko har tuta, ba tare da ka fara daga tsakiya ba? A Wii U da Switch doka ce, ba za ka ɗora zango ba sai ka ci shi da hannunka. Hausawa sun riga su: in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere.

Ban ga zangonka ba, amma na ga irinsa da yawa, kuma zan iya rantsewa akwai ɗaya daga cikin ukun nan. Ɓoyayyen bulo daidai bakin rami, mutum ya yi tsalle ya buga kai ya zurma. Ko abokin gaba da ke faɗowa daga saman allo inda ido ba ya kai. Ko bututu uku, biyu mutuwa, ɗaya hanya, ba wata alama. Waɗannan ba wahala ba ce, caca ce. Wahala ita ce mutum ya mutu ya ce "laifina ne, ba ni in sake". In ya mutu ya juyo ya kalle ka, to kai ne. Gadar da ka ari sunanta, duk cunkoson masu ƙetarawa Njamena, ai kana ganin babur ɗin da ke tahowa.

Koichi Hayashida, wanda ya jagoranci Super Mario 3D Land na 2011, ya taɓa bayyana yadda suke yi: dabara ɗaya a zango ɗaya, a fara nuna ta inda ba hatsari, a ƙara mata nauyi, a juya ta ta inda ba a zata ba, sannan a rufe. Duk wanda ya yi zaman shagon tela ya san wannan. Yaro ba ya fara ɗinki a kan shaddar mutane. A takardar siminti yake fara bin layi, keke ba zare.

Saboda haka ka zaɓi abu ɗaya a gadar nan, misali kunkuru masu fiffike, ka kwashe sauran tarkacen ka ajiye wa wani zango. Ka sa tutar tsakiya don wanda ya mutu kada ya koma farko. Ka ajiye laimar kwaɗi kafin wuri mafi tsanani, a fili, ba a ɓoye ba. Sannan ka ba wanda ya fi kowa rashin iyawa a cikin su biyar, ka zauna a kan hannuwanka, ka rufe bakinka. Duk inda ya mutu sau uku, ka yi alama. Kuma ka saya musu shayi, ka ɓata musu rai.

Tambaya: Malam, yara biyu a makarantarmu suna zuwa da irin wannan na'ura. Akwai abin da ya saɓa wa addini a ciki?
*Malamin Islamiyya, Njamena*

Amsa: Allah gafarta Malam, fatawa taku ce, ni dai zan faɗi abin da ke ciki. Babu tsiraici, babu caca da kuɗi, babu jini. Akwai kiɗa, yana da makunni a gefe. Akwai gidan fatalwa, amma fatalwar farar dunƙulalliya ce mai rufe fuska in ka kalle ta. Tunda an rufe intanet ɗinta, baƙo ba shi da hanyar yi wa yaro magana ta cikin wasan. Wani abin da ya taɓa faruwa: a Oktoban 2008 Sony ta jinkirta fitar da LittleBigPlanet na farko a duk duniya, ta janye faifan da aka riga aka buga, bayan an lura wata waƙar wani makaɗin kora ɗan Mali da aka sa a ciki tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. Aka cire muryar kafin a sake fitarwa.

Abin da na fi gani shi ne "bari in gama" in an kira salla. Malam ya sani wannan ba hujja ba ce: da an rufe murfin 3DS wasan tsayawa yake cak, a buɗe a ci gaba daga inda aka tsaya.

Tambaya: Malam, ba ni da halin sayen na'ura. Ɗana ya sauke wani abu wai Mario Maker a wayata, yanzu talla ce ke faɗowa ko ina cikin kira.
*Wata uwa, Gidar*

Amsa: Hajiya, Nintendo ba ta taɓa fitar da Mario Maker a waya ba, duk wanda kika gani da sunan ba nata ba ne. Nata na waya shi ne Super Mario Run, ba a gina zango a cikinsa, kuma ba ya tashi sai da intanet. In gini yaron ke so, akwai Geometry Dash, na wani ɗan Suwidin mai suna Robert Topala, tun 2013, sai dai wurin ginin yana cikin wanda ake saya ne, kuma wasa ne mai zafi, ƙaramin yaro zai yi kuka. Akwai Pocket Code, kyauta ne, daga wata jami'a a Graz ta ƙasar Ostiriya, inda yaro ke haɗa nasa wasan dungurungum ta hanyar jera umarni kamar bulo. Ya fi wuyar farawa, yana son babba a kusa.

Mafi araha kuwa kaye mai gida-gida da fensir. Gida ɗaya bulo ɗaya. Su yanke doka shi da ƙannensa, misali tsalle ba ya wuce gida huɗu, ƙwayar wake ta zama Mario, ɗaya ya zana ɗaya ya taka. 'Yata har yanzu a nan take farawa kafin ta taɓa na'ura.

Wayar kuma ki kai wa mai gyara na kusa da ke ya cire abin. In ya ce sai an goge ta duka, ki sa ya fara kwashe miki hotuna da lambobi a gabanki, kuma ki tafi da kalmar sirrin asusunki na Google a rubuce, don bayan gogewa wayar za ta tambaya.